Mayafin Uwar Yaƙi

Shafi na 19

Masu cika min waya tun jiya da "Gloria ce, Gloria ce", duk na gan ku. Har da baiwar Allah ɗin da ta ce da ita ce Jemimah da tuni ta fasa wa yarinyar baki. Ku gyara zama, in mun kai ƙasa kwa san wanda za ku ba haƙuri.

*

Jemimah ko jaka ba ta ajiye ba. Tana tsaye gaban teburin fentinta da farar rigar kemis a jikinta, ta zuba wa Uwar Yaƙi ido kamar yau ta fara ganinta.

Ga wanda ya shigo mana a tsakiya, Uwar Yaƙi 'yar mutum-mutumin roba ce, tsawonta bai wuce babban yatsa ba. Mace ce a kan dutse, mashi a hannu, mayafi yana tashi ta baya. Ita ke jan rundunar da Jemimah ke fita da ita wasan tebur duk Asabar, kuma ita ce za ta shiga gasar fenti ta ƙungiyarsu yau da la'asar. Wanda ya ci gasar shi zai je taron Abuja da sunan Kaduna. Tun saukar ruwan fari Jemimah take kan wannan 'yar aba, ƙwayar idon kaɗai sai da ta goge ta sake har ta gaji da lissafi.

Sai jiya ta tafka kuskuren da ita da bakinta take hana sababbin shiga. Ta fesa banish, man ƙyallin da ake rufe fenti da shi, ana ruwa. Duk mai fenti ya san in iska ta jiƙe banish ba ya bushewa garau, fari yake yi, amma ɗoki ya ja ta. Mayafin ya yi fari fat. Ta ɗauko auduga da sifirit za ta ceto shi, fentin ya biyo audugar har tokar robar ta fito. Ta sha kukanta ta ƙoshi, da safe ta tafi kemis ido a kumbure, ta riga ta cire rai da Abuja.

Yanzu ta dawo da rana tsaka, ta tarar da mayafi ya dawo shi ma.

Ba irin nata na da ba. Wannan shuɗi ne mai duhu, an bi shi da ɗige-ɗigen fari irin na jikin zabuwa, kowane ɗigo bai kai kan allura ba, kuma babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa. A bakin mayafin an jera ganye ruwan ɗorawa, duk suna kallon gefe ɗaya, ban da guda ɗaya da ya juya baya. Har inuwar ninkin an sa. Jemimah ta san fenti, ta san iyakar hannunta, ta kuma san ko shekara za a ba ta ba za ta ja irin wannan layin ba.

Abin ya yi kyau har ya ba ta haushi. Ƙungiyarsu ba ta da rajista, ba ta da kati, duk wanda ya hau benen da suke haɗuwa da fentin hannunsa ya zama ɗan gida. Amma tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Kafin a yanke wa aikin mutum hukunci, Jonathan shugabansu zai tsayar da shi gaban kowa ya tambaye shi ko hannunsa ne duka. In hannu biyu ne suka taɓa, sai a cire aikin daga gasar a ajiye shi a bakin taga.

Ta ɗauki Uwar Yaƙi ta fita tsakar gida. Gloria ƙanwarta tana durƙushe bakin famfo tana dirzar tukunya, waya a aljihu tana waƙa. Ita ce mai gyaran farce a gidan, duk 'yan matan layin wajenta suke zuwa a zana musu fure, don haka a ganin Jemimah ba sai an yi dogon bincike ba.

"Wa ya ce ki taɓa min tebur?"

Gloria ta ɗago. "Wane tebur kuma, Sista?"

"Kar ki raina min hankali. Wa ya yi wannan?"

Gloria ta goge hannu a siket, ta matso, ta kanne ido ɗaya. Ta daɗe tana kallo.

"Sista, abeg. In ni na iya wannan, kina ganin zan zauna a Makera ina goge wa su Peace farce? Da tuni ina Legas."

Ta ce ita tun safe tana coci wajen koyon waƙa, a tambayi kowa, kuma warin fentin nan ma ciwon kai yake sa mata. Jemimah ba ta yarda ba. Ta kama hannunta tana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu komai ba sai kumfar sabulu da baƙin tukunya.

Suna cikin haka ƙyauren gida ya yi ƙara, Mama Celina ta shigo tana karkaɗe lema, ledar yakuwa da busasshen kifi a hannu. Da yake ranar ruwa ce, tsohon zaninta ta ɗaura, wanda da shi aka goya Jemimah aka goya Gloria. Jemimah ta tashi tana ganin zanin nan, amma ba ta taɓa kallonsa ba sai yau.

Shuɗi mai duhu, ko da yake wanki ya ci shi. Ɗige-ɗigen zabuwa. Ganye ruwan ɗorawa a baki.

Ta durƙusa gaban uwarta, ta kama bakin zanin tana bin ganyen da yatsa. Ba ta yi nisa ba ta same shi, guda ɗaya ya juya wa sauran baya.

"Ke, lafiya? Za ki kwance min zani a tsakar gida?"

"Mama, wa ya zana wannan atamfar?"

Mama Celina ta dubi zanin, ta dubi 'yar abar da ke hannun 'yarta, ta matse baki don kar dariya ta kufce mata. Ta miƙa wa Gloria ledar cefane.

"Kin tambayi mai farce, kin tambayi mai zani. Saura mutum nawa a gidan nan?"

Jemimah ta saki bakin zanin.

Saura ubanta, Baba Sylvanus. Dattijon ikilisiya, mutumin da ya zauna a falonsa gaban baƙi ya ce ya kai 'yarsa har jami'a ta ƙare da wasan 'yan tsana. Shi ne ya tashi a taron maza ya ce duk wasan da ake jefa ƙwayar ludo a cikinsa ƙanin caca ne, ko wane suna aka sa masa. Jemimah ta san ya yi aiki a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta, a ɗakin da ake zana atamfa da hannu, amma a gidan ba a tayar da wannan zancen. Tun da hawan jini ya kayar da shi hannunsa na dama ke rawa. Da hannu biyu yake shan shayi, maɓallin riga ma Mama ke sa masa.

Ta same shi a baranda, ya sha mur, rediyo a gabansa kan 'yar kujera. Ta ɗora Uwar Yaƙi a kan rediyon.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yauwa. Ɗauke min wannan abin daga nan."

Ko kallon abin bai yi ba, kuma nan ne ya tona kansa, don Baba ba ya barin abu ya wuce shi bai harare shi ba.

"Baba, ba ni hannunka."

Ya miƙo na dama, yana rawarsa.

"Na hagu."

Duk mai fentin ƙananan abubuwa yana da tabo ɗaya. Kafin burushi ya taɓa aiki sai an ja shi a bayan babban yatsan hagu, a rage fentin, a fitar da tsinin. Jemimah tana da nata tabon, har mai kemis ya gaji da yi mata magana a kai. Baba Sylvanus ya wanke nasa da sabulu, ya dirza har fatar ta yi ja, amma shuɗin ya maƙale a gefen farce, da ɗan ruwan ɗorawa a ƙasansa.

Ta ajiye yatsanta kusa da nasa.

Ya janye hannunsa, ya kashe rediyon.

"Kuka kika ishi mutane da shi," ya ce. "Babbar mace da ke, a kan roba."

"Baba, hannunka fa? Yaya aka yi?"

Ya kau da kai. Sannan ya fara magana yana kallon ruwan da ke zuba daga kwanon rufi. Ya ce tun wajen Ista yake wucewa ta tagarta yana ganin yadda take zama: gwiwar hannu biyu a kan tebur, gindin tafin hannu biyu a haɗe, aiki a hagu, burushi a dama. Su a masaƙa ba haka suke yi ba, a tsaye suke zane, hannu a sake, takarda faffaɗa a gabansu. Wata rana da gidan ba kowa, ya zauna ya gwada irin nata da biro. Ashe in hannu biyu suka jingina da juna, ko sun yi rawa, tare suke yi, layin kuma ya tafi sak.

"Tun da na kwanta asibiti ban ja miƙaƙƙen layi ba sai ranar," ya ce.

"Sojana mai garkuwa da ya ɓata..."

"Bai ɓata ba."

Daga ƙofar kicin aka ji Gloria ta ja dogon tsaki, don a kan wannan sojan sai da aka yi sati ba a gaisa da ita ba. Mama ta ja ta ciki.

Wani abu ya cika wa Jemimah ƙirji, kuma alfahari ne tsantsa. Ubanta ne ya yi wannan aikin, da hannun da cokali ke gagara, a safiya ɗaya, a kan mayafin da bai kai faɗin farce ba. Ji take kamar ta hau katanga ta sanar da duk Makera.

"Ba za ki faɗa wa kowa ba," ya ce, kamar ya ji abin da ke ranta.

Ta gaya masa dokar benen. Ya ce wa zai sani. Ya ce fuskar tata ce, mashin nata ne, wahalar damina guda tata ce, shi ɗan ƙyalle kawai ya taya ta da shi. Rabin samarin benen nan 'yan ikilisiyarsa ne, uwar Jonathan ma a layin gaba take zama. In maganar nan ta fita, gobe Lahadi da wane ido zai tsaya gaban mutanen da ya yi wa wa'azi a kan ƙwayar ludo?

"Gaban kowa za a tambaye ni, Baba."

"Sai ki ce e."

"A gidan nan aka koya min haka?"

Shi da ya taɓa mayar da ita kasuwa da ƙafa tana 'yar firamare don ta ce an aike ta alhali ba a aike ta ba, yau shi ne ke cewa ta yi ƙarya.

"Ba zan ambaci sunanka ba," ta ce. "Amma ba zan ce nawa ne ba."

"To ki bar ta a gida. Mene ne amfanin zuwa a cire ki?"

"Zan kai ta a gani. Irin wannan aikin ba a rufe shi a ɗaki."

Baba Sylvanus ya kunna rediyonsa, ya ƙara murya fiye da da.

*

Ta kwantar da Uwar Yaƙi a robar bota da ta shimfiɗa wa auduga, ta rungume a keke tun daga Makera har Barnawa, duk ramin da mai keken ya faɗa sai ta ji shi a ranta. Benen yana saman shagon buga takardu na Jonathan, wanda injinsa ke fitar musu da sojojin roba. An ture teburan wasa gefe, da tuddansu na kwali da bishiyoyin soso. Wasu biyu da suka kasa haƙuri suna lungu suna auna tafiyar sojoji da tef, suna jefa ƙwaya suna musu. A tsakiya an shimfiɗa farin ƙyalle an jera aikin gasa.

Albert, wanda ya ci bara, yana tsaye bayan ƙaton dodonsa mai fukafukai yana karɓar yabo tun ba a fara ba. Jemimah ta buɗe robarta ta ajiye tata a ƙarshen layi, ta koma ta harɗe hannu.

Daga wannan gefen surutun ya fara mutuwa. Na kusa ya sunkuya, ya yafito na bayansa, shi ma ya yafito wani, har masu tef suka bar musunsu suka taso. Albert ya zo da murmushinsa, ya sunkuya, ya ɗago babu shi. Jemimah tana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kanta yana ƙara girma, ko da ta san abin da ke tafe.

Jonathan ya bi layi da gilashinsa na ƙara girma, yana yi wa kowa tambayar, kowa yana amsawa. Da ya iso kanta ya daɗe a sunkuye.

"Akwai ganye ɗaya da ya juya baya. Da gangan ne?"

"Da gangan ne."

Ya miƙe yana murmushin wanda ya riga ya san wanda ya ci.

"Jemimah, hannunki ne duka?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da Abuja, kuma duk ɗakin babu wanda zai musa mata. Ta ɗaga kai.

"A'a. Fuskar tawa ce, mashin nawa ne, dutsen nawa ne. Mayafin ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na wanda ya fi duk wanda ke ɗakin nan iyawa, har da ni. Sunansa kuma ba zan faɗa ba."

Aka fara ƙus-ƙus. Jonathan ya sosa ƙeya, ya ce ta san doka. Ta ce ta sani, ai tare suka kafa ta. Ya ɗauki Uwar Yaƙi ta gindi da yatsu biyu, yadda ake ɗaukar aikin mutum, ya nufi taga. Idon Jemimah ya ciko, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Sai aka ji sanda a kan matakala.

Matakalar benen ƙarfe ce, ba ta ɓoye mai hawa. Wannan a hankali yake hawa, yana tsayawa yana hutawa, wata muryar mace tana cewa ya bi sannu.

Baba Sylvanus ya bayyana a ƙofa cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, kafaɗa a jiƙe, yana haki. Mama Celina tana bayansa da lema, da zanin nan dai, ko canzawa ba ta yi ba. Nan take samarin ikilisiya suka fara cusa ƙwayar ludo a aljihu, wani har ya tura tef ƙarƙashin tudun kwali.

"Baba, ina wuni," in ji Jonathan. "Ba caca muke..."

"Na tambaye ka?"

Ya dogara sandarsa har gaban farin ƙyallen. Ya bi aikin da ido ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, sannan ya juya ga abin da ke hannun Jonathan.

"Mayafin nan nawa ne. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ma gida na yi. In dokarku ta ce a cire ta, ku cire ta. Doka ce mai kyau."

Jemimah ta hango wayar Albert a sama tana ɗauka. Ta matsa za ta tare, Baba ya ɗaga mata sanda.

"Ƙyale shi. Kai kuma matso kusa, ka ɗauka da kyau."

Ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da gidan tabarau. Hannun yana rawa har murfin yana kaɗawa. Ya buɗe, ga sojan nan mai garkuwa kwance a auduga, an fente shi tun daga hula har takalmi. Ya tsayar da shi a daidai gurbin da aka ɗauke Uwar Yaƙi.

"An ce duk wanda ya hau benen nan da fentinsa ɗan gida ne. To na hau. Yi min tambayar."

Jonathan ya dubi Jemimah, ya dubi hannun tsohon.

"Baba, hannunka ne duka?"

Baba Sylvanus ya ja kujera ya zauna. Ya ɗaga hannunsa na dama sama, wanda ya saba ɓoyewa a aljihu in ya shiga mutane, ya bar kowa ya ga yadda yake rawa. Sannan ya kafa gwiwar hannu biyu a kan tebur, ya haɗa gindin tafinsa biyu. Rawar ta lafa.

"Nawa ne duka," ya ce. Ya nuna Jemimah da haɓa. "Waccan ce malamata."

Hawayen da ta riƙe tun daga Makera suka zubo, ba ta ko share ba.

Jonathan ya sunkuya da gilashinsa a kan sojan. Ya bi hula, ya bi riga, ya iso kan garkuwa, sai ya tsaya cak. Ya ɗago a hankali, ya miƙa wa Jemimah gilashin.

"Zo. Ke ya kamata ki fara ganin abin da ke jikin garkuwar nan."